Abin Al'ajabi Ma Da Farashinsa

Duk mai cewa labarin al'ajabi baƙo ne a wurin Bahaushe, to bai karanta Ruwan Bagaja ba, ko kuwa ya karanta ya manta. Tun 1934 Abubakar Imam ya tura Alhaji Imam neman ruwan da ke warkar da cuta har cikin ƙasar aljannu, a shekarar nan kuma Bello Kagara ya kai Ganɗoki yaƙi a wuraren da ƙafar ɗan Adam ba ta saba takawa ba. Ahmadu Ingawa ya ba mu Iliya Ɗan Maiƙarfi, yaron da ya tashi gurgu ya koma sadaukin da ba a karawa da shi. A 1969, shekarar da Amurkawa suka taka wata, Umaru Dembo ya fitar da Tauraruwa Mai Wutsiya, inda wani baƙo daga sama ya ɗauki yaro ya zaga da shi sararin samaniya. Mu nan Nijar muna da Boubou Hama, wanda ya rubuta Le double d'hier rencontre demain da Faransanci a 1973. Kafin su duka akwai kakanninmu mata da Gizo da Ƙoƙi da Dodo. Saboda haka in na kawo sunayen littattafan da aka rubuta a Amurka ko Sin ko Iraƙi, ba sabon abinci nake tallatawa ba. Tuwon ne dai da muka sani, miyar ce ta wani gida.

Ƙorafin da na fi ji shi ne: ai ƙarya ce, mutum da girmansa zai zauna yana karanta ƙarya. Amsata gajeriya ce. Littafin soyayyar da ake rububi ma ƙagagge ne, attajirin nan mai jirgin sama da ya auri 'yar mai tallan goro bai fi dodo kasancewa gaskiya ba. Amma akwai ƙorafi na biyu wanda nake ɗauka da muhimmanci, domin yana da tushe. Da yawa daga cikin irin waɗannan littattafai arha ce ta yi musu yawa. Jarumi ya shiga uku, sai ya murza zobe, ya fita. Maƙiya sun kewaye gari, sai ga takobin da ke sare mutum dubu a sara ɗaya. In komai na iya faruwa a labari, babu abin da zai sa zuciyar mai karatu ta buga. Shi ya sa nake da ma'auni guda da nake gwada kowane littafi da shi kafin in ce wa wani ya kashe kuɗinsa ko darensa a kai: wannan ikon da aka ba jarumi, me ya biya kafin ya samu, kuma wa ya ci gaba da biya bayan ya samu? Littattafan da zan ambata a ƙasa duk sun amsa wannan tambaya, wasu da tabo a fuska, wasu da hannu guda, wasu da jinin mutanen da ba su ji ba su gani ba.

Wanda nake fara miƙa wa kowa shi ne A Wizard of Earthsea na Ursula K. Le Guin, wanda ya fito a 1968. Masu karatu da Faransanci za su same shi cikin kundin da ake kira Terremer. Duniyarsa tsibirai ce warwatse a cikin teku, kuma dukkan sihirinta a kan suna ya tsaya. Kowane abu, dutse ne ko iska ko akuya ko mutum, yana da sunan da ake kiransa da shi a kasuwa, yana kuma da sunansa na ainihi. Wanda ya san sunanka na ainihi ya riƙe linzaminka. Don haka mutum ke ɓoye nasa, ba ya faɗa sai ga wanda ya amince wa da ransa. An ce masu karatu a Turai sun ga wannan abu ne mai ban mamaki. Ni ban ga mamaki ba, gida na gani. Mu da uwa ba ta kama sunan ɗan farinta, mace ba ta faɗin sunan mijinta, yaron da ya ci sunan kakansa ya tsufa ana ce masa Abba ko Baba har abokansa su manta sunansa na yanka, ai ba sai an yi mana dogon bayani cewa suna abu ne mai nauyi ba. Akwai wurin da abokin jarumin, wani baƙin saurayi mai sanyin hali da ake kira Vetch, ya faɗa masa sunansa na ainihi a daidai lokacin da jarumin ya daina yarda da kansa. Babu yaƙi a shafin, babu tsawa, amma ban san kyautar da ta fi wannan girma a cikin littattafan da na karanta ba.

Jarumin, Ged, ɗan maƙeri ne daga tsibirin makiyayan awaki, jan mutum mai duhun fata, mai baiwa da girman kai daidai wa daida. Malaminsa na farko, Ogion, tsoho ne da zai iya kore hadari da kalma ɗaya, amma sai ya zauna gindin itace ruwa ya jiƙa shi. Yaron ya ga wannan wauta ce, ya tafi babbar makarantar masu sihiri da ke tsibirin Roke. Can aka koya masa abin da tsohon yake nufi: ruwan saman da ka jawo wa garinku, wataƙila fari ne ka aika wa wani gari. Bai ji ba. Don ya kunyata wani ɗalibi da ke masa ba'a, ya kira ruhun wata matacciya, sai wata inuwa marar suna ta biyo ta ƙofar da ya buɗe, ta yage masa fuska. Shugaban makarantar ya rufe ƙofar, ya mutu a kan haka. Wato tun kafin a kai rabin littafin wani dattijo ya biya bashin yaro da ransa. Sauran labarin gudu ne, daga tsibiri zuwa tsibiri, har ranar da Ogion ya ce masa ya juya ya bi abin da ke binsa. Sunan da ya kira inuwar da shi a ƙarshe ba zan faɗa ba. Littafin siriri ne, ɗan shekara goma sha biyu zai iya da shi, ɗan hamsin kuma zai fi shi jin ciwon.

Na biyu shi ne Dune na Frank Herbert, 1965, kuma a nan zan daɗe, don ina ganin an rubuta shi ne domin mutanen bakin hamada ko da marubucin bai sani ba. Herbert ɗan jarida ne da ya je yin rahoto kan yadda ake dasa ciyawa don tsayar da tudun rairayi a gaɓar jihar Oregon. Rahoton bai fito ba, littafi ya fito. Kamfanonin ɗab'i fiye da ashirin suka ƙi shi, daga ƙarshe wanda ya karɓa kamfani ne da aka fi sani da buga littattafan gyaran mota. Duk wanda ya taɓa ganin mutanen wajen Gure da Maine Soroa suna kafa shinge don kada rairayi ya cinye musu kwari da dabino, ya san daga inda labarin ya taso.

Arrakis duniya ce da ba a ruwan sama ko ɗigo. A cikin rairayinta kaɗai ake samun wani sinadari mai kama da kayan yaji, wanda in babu shi jiragen da ke haɗa duniyoyi ba za su iya tafiya ba. Manyan gidajen sarauta na nesa suna karɓa-karɓar mulkinta, suna kwasar arziki, su kuwa 'yan ƙasar, Fremen, suna zaune cikin koguna ana yi musu kallon ƙauyawa marasa amfani. Ba na buƙatar in yi wa ɗan Nijar tafsirin wannan. Tun 1971 ake haƙar yuraniyom a Arlit, an yi shekara da shekaru ana ɗora shi a mota ana bi da shi ta hanyar Tawa zuwa teku, yana kunna fitilun Faransa, alhali galibin ƙauyukanmu da aci-balbal da tocila suke kwana. Masu sharhi a Turai sun ce man fetur na Larabawa Herbert yake nufi. Su suka sani. Ni da na karanta, Ayar na gani.

Amma abin da ya kama ni a littafin ya wuce siyasar ma'adinai. Ruwa ne. Herbert ya zauna ya yi tunanin yadda ladabi da kunya da addinin mutane za su kasance in ruwa ya fi zinariya. Bafaremen yana sa wata riga da ke tattara guminsa da numfashinsa ta mai da su abin sha. In ya tofa yawu a gabanka, girmama ka ya yi, don ya ba ka daga ruwan jikinsa. In mutum ya mutu ana tatse ruwan gawarsa a mayar cikin rijiyar jama'a. Lokacin da jarumin, Paul, ya kashe wani mutum mai suna Jamis a faɗan fito-na-fito, ya zubar da hawaye a wurin makoki, sai mutane suka riƙa taɓa kumatunsa cikin mamaki, don ba su saba ganin wanda ya yi wa mamaci kyautar ruwa ba. Sannan aka ɗora masa nauyin matar mamacin da 'ya'yansa biyu. Ka kashe, ka ɗauka. Akwai kuma itatuwan dabino ashirin a ƙofar fadar masu mulki, kowanne na shan lita 40 a rana, abin da zai ishi mutum biyar, talakawa na wucewa suna kallonsu suna lissafin mutum ɗari. Duk wanda ya taɓa bin layin famfo a watan Afrilu a Damagaram, ya ɗaga kai ya ga koriyar ciyawa ta bayan wata katanga, ya san irin wannan kallo.

Gargaɗi biyu. Littafin cike yake da kalmomin da aka aro daga Larabci da Musulunci, har da Mahadi da jihadi, kuma ba kullum aka ajiye su inda Musulmi zai ji daɗi ba. Na biyu, kada a ɗauka labarin mai ceto ne. Annabcin da Fremen suke jira, wata ƙungiyar mata ce ta shuka shi cikinsu tun ƙarnoni da suka wuce, don in 'yarsu ta shiga matsala ta sami abin fakewa. Paul ya san haka, ya hau kai. A littafi na biyu, Dune Messiah na 1969, an ba da lissafin waɗanda yaƙinsa ya kashe: biliyan 61. Wanda ya tsaya a na farko, ko ya kalli fim kawai ya tafa, rabin magana ya ji. Shafuka ɗari na farko suna da nauyi, sunaye sun yi yawa. A daure.

In an ce in zaɓi labari ɗaya tak da nake fatan wani ya fassara zuwa Hausa kafin in mutu, The Merchant and the Alchemist's Gate ne na Ted Chiang, wanda ya fito a 2007, aka sake buga shi cikin kundinsa Exhalation a 2019, Expiration da Faransanci. Bai kai shafi arba'in ba. An gina shi kamar Dare Dubu da Ɗaya, labari cikin labari. Wani ɗan kasuwar yadi na Bagadaza, Fuwaad, yana gaban Halifa yana ba da labarin wani shago da ya shiga, inda mai shagon ya ƙera wata ƙofa: ka shiga ta wannan gefe ka fita shekara ashirin gaba, ka shiga ta wancan ka koma shekara ashirin baya. Sharaɗin dai ɗaya ne, abin da ya faru ya faru, ba ya canzuwa. Wani masaƙi ya je gaba ya tarar da kansa ya tsufa cikin tsumma alhali ga akwatin zinariya a ɗaki bai taɓa ba. Ya ce wannan tsoho marowaci ne, ya sace akwatin ya dawo ya yi facaka. Facakar ta jawo ɓarayi suka sace matarsa, kuɗin ya tafi a fansa, ya ƙare rayuwarsa yana tara kwabo-kwabo cikin akwati don ya biya wanda ya yi wa sata, yana jiran daren da saurayin zai zo ya ɗauke.

Shi Fuwaad abin da ke cinsa daban ne. Shekara ashirin da suka wuce ya yi wa matarsa baƙar magana ya tafi fatauci, kafin ya dawo bangon masallaci ya faɗo mata ta rasu. Ya san ba zai iya ceto ta ba, an gaya masa, ya dai tafi. Abin da ya samo a can ƙaramin abu ne ƙwarai, saƙo ne na 'yan kalmomi daga bakin wata baƙuwa, amma shi ne duk abin da yake buƙata. Chiang ba Musulmi ba ne, ya gina ƙofar ne a kan wani lissafi na masanin kimiyya Kip Thorne, amma ban taɓa karanta ƙagaggen labarin da ya riƙe maganar ƙaddara da tuba da ladabi irin wannan ba. Yawancin labaran komawa baya na Turawa a kan gyara jiya suke, kamar jiya mota ce da za a kai gareji. Wannan ya tambayi abin da ya rage wa mutum in jiyan ta ƙi gyaruwa. A cikin kundin akwai wani labarin kuma da rabinsa a ƙasar Tibi yake, kan abin da zuwan rubutu ya yi wa mutanen da suka saba riƙe asalinsu da ka. Shi ma a karanta.

Octavia Butler, baƙar fatar Amurka da ta rasu a 2006, ita ce marubuciyar da ba ta yi wa jarumanta rangwame ko na sisi. A Kindred na 1979, Liens de sang da Faransanci, wata matashiya mai suna Dana tana zaune a gidanta a 1976 sai jiri ya ɗebe ta, ta farka a jihar Maryland zamanin bauta, ga wani yaro Bature na nutsewa a kogi. Ta cece shi. Daga nan duk lokacin da ransa ke cikin haɗari sai a fizgo ta. A hankali ta gane yaron nan, ɗan mai bayi, kakan kakanninta ne, kuma kafin a haifi zuriyar da ta fito daga ciki sai ya mallaki wata baƙar mace da ƙarfi. In ta bar shi ya mutu, ita ma babu ita. In ta raya shi, ta san wadda za ta biya. Tun shafin farko an gaya maka ta dawo gida babu hannunta na hagu. Babu na'ura a littafin, babu bayanin yadda tafiyar ke faruwa, Butler ba ta damu da wannan ba. Wanda ya karanta Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa ya ji tausayin uwar da ta bi sawun ɗanta har hamada, zai sami 'yar uwarta a nan, sai dai wannan ta fi zafi, don tana nuna yadda mutum mai ilimi da 'yanci ke sabawa da bauta kaɗan-kaɗan har ya fara sunkuyar da kai ba a ce masa ba.

Ɗayan nata, Parable of the Sower, an buga shi a 1993 amma labarin a 2024 ya fara. Unguwa ce mai katanga kusa da Los Anjeles, ruwa ya fi fetur tsada, 'yan sanda sai an biya su suke zuwa, kuma zuwansu ba ya amfani. Yarinyar, Lauren, tana da wata lalura da ke sa ta ji ciwon duk wanda ta gani yana ciwo, ko da ita ta buge shi. Ka yi tunanin mai irin wannan lalura a kan hanyar gudun hijira, da bindiga a hannu. Ta ƙirƙiro wata aƙida tata a cikin littafin, wadda ni ban saya ba, kuma ba sai ka saya ba kafin ka ga gaskiyar sauran.

Yanzu maganar ganin gida a cikin littafin wani. A lakwal yawancinmu da Jules Verne muka fara, kuma a Cinq semaines en ballon na 1863 wasu Turawan Ingila uku sun tashi daga Zanzibar cikin balan-balan, suka ratsa ta saman Tafkin Cadi da Damagaram har Senegal. Verne bai taɓa zuwa ba, daga rubutun matafiya irin su Barth ya kwaso. Mu a wurinsa abin kallo ne daga sama, masu ihu da harba kibiya. Na ambace shi ne kawai don a gwada da Nnedi Okorafor, wadda iyayenta Ibo ne aka haife ta a Amurka. Littafinta The Shadow Speaker na 2007 a Nijar aka kafa shi, shekarar 2070, jarumar yarinya ce Musulma mai jin maganar inuwa, akwai wata Sarauniya Jaa mai takobi, akwai raƙumi mai magana. Gaskiya Nijar ɗin tata ta daga nesa ce, ɗan ƙasa zai ga wuraren da ɗinkin bai zauna ba. Amma a nan mu ne a tsakiyar labari, duniya ce ke zuwa wurinmu. Ga matasa ya dace. Wanda ya fi shi ƙarfi shi ne Who Fears Death na 2010, Qui a peur de la mort ? da Faransanci, wanda aka kafa a Sudan ta wani zamani mai zuwa, kuma abin da ya faru a Darfur ne ya haife shi. Akwai fyaɗe a matsayin makamin yaƙi, akwai kaciyar mata, ba a sakaya ba. Kada a ba yaro. Mai son ɗanɗanawa kawai ya nemi Binti na 2015, wanda za a gama a zama ɗaya: 'yar ƙabilar Himba ta Namibiya ta gudu daga gida da dare zuwa jami'a a wata duniya, da tulun jan yumɓun da matansu ke shafawa, ta san in ta dawo ba lalle ta sami mijin aure ko wurin zama a cikin danginta ba.

Na san za a tambaye ni Tolkien. The Hobbit ya fito a 1937, sa'an littafin farko na Magana Jari Ce ke nan, kuma yana da daɗi. The Lord of the Rings ya ci jarrabawata, don zoben nan yana cin mai ɗauke da shi, Frodo ya koma gida amma gida bai karɓe shi ba. Sai dai in ka lura da kalar mutanen kudu da gabas masu giwaye da ke yi wa mugu yaƙi, za ka gane a wane layi aka tsayar da kai. Ina karanta shi, ina sane. Harry Potter kuwa a bar wa yara, ba laifi, sihirinsa ne dai ya yi kama da famfo, a murɗa ya zubo. The Three-Body Problem na Liu Cixin, wanda ya ci kyautar Hugo a 2015 bayan Ken Liu ya fassara shi zuwa Ingilishi, na masu son lissafi da taurari ne. Mutanensa kamar an yanko su daga kwali, in ban da mace ɗaya, Ye Wenjie, wadda aka kashe mahaifinta da duka a gabanta lokacin juyin al'adu na Sin a 1967, ta yanke ƙauna daga ɗan Adam, ta aika wa wata duniya saƙon gayyata alhali an gargaɗe ta kada ta amsa. Saboda ita kaɗai ya cancanci wahalar. The Fifth Season na N. K. Jemisin shi da 'yan uwansa biyu sun ci Hugo shekara uku a jere, 2016 zuwa 2018, kuma sun cancanta, amma salonsa yana da wuya ga wanda Ingilishinsa ko Faransancinsa bai nuna ba.

Game da masu tambaya ko ya halatta Musulmi ya karanta labarin masu sihiri, ni ba malami ba ne, a tambayi malamai. Abin da na lura da shi dai, babu ɗaya daga cikin littattafan nan da ke koya wa mutum yin wani abu. Yawancinsu ma gargaɗi suke yi a kan neman ikon da ya fi ƙarfin mai nemansa.

Na bar Frankenstein in Baghdad na Ahmed Saadawi a ƙarshe don ban san yadda zan ce ina sonsa ba. Da Larabci aka rubuta shi, ya fito a 2013, ya ci babbar kyautar ƙagaggun labaran Larabci a 2014, don haka 'yan uwa na Sudan da Cadi da waɗanda suka yi makarantar Arabiyya za su iya karanta asalinsa. Bagadaza ce a 2005, ƙarƙashin mamayar Amurka, bam na tashi kusan kullum. Wani ɗan gwangwan mai suna Hadi, mashayi, maƙaryaci, wanda abokinsa ya mutu a harin bam aka kasa tantance gawarsa, ya fara tsintar sassan jikin mutanen da aka bari a titi. Hanci daga nan, hannu daga can, yana ɗinkewa, wai don a sami gawa cikakkiya da hukuma za ta yarda mutum ce a yi mata sutura. Sai ran wani mai gadin otal da bam ya tarwatsa, wanda ya rasa jikin da zai koma, ya shige ta. Gawar ta tashi. Wata tsohuwa Kirista a maƙwabta ta ɗauka ɗanta ne da ya ɓace a yaƙin Iran da Iraƙi shekara ashirin da suka wuce, ta ba shi tufafinsa.

Abin ya fara ɗaukar fansar kowane sashe na jikinsa. To amma duk sashen da aka rama wa sai ya ruɓe ya faɗi, dole a sami sabo. Da farko na waɗanda aka zalunta ake sa masa. Da suka yi ƙaranci mabiyansa suka sa masa na masu laifi. Wata rana idonsa ya fara mutuwa a kan hanya, ga wani tsoho na tafe da ba ruwansa da kowa, ya kashe shi ya ɗauki nasa, yana gaya wa kansa ai ko ba shi ba tsohon zai mutu. Akwai ban dariya a littafin, da yawa ma, har da wani ofishin gwamnati da ya ɗauki bokaye da masu duba aiki don su hango inda bam zai tashi. Na taɓa ba wani abokina ɗan Diffa shi aro. Ya riƙe shi wata uku, ya dawo mini da shi da alamar takarda a wajen shafi na sittin, ya ce in ba shi na masu tsibiran nan tukuna.